Mai Zuba Ganye a Titin Abaji

Shekara goma sha biyu ke nan da aka kawo mini ɗana a bayan mota, an lulluɓe shi da rigar ƙungiyarsa. Ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yau ba. 'Yan ƙungiyarsa Ciyaman suke ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, domin akwai abin da ya tsaya mini a ƙirji, na kuma gaji da haɗiye shi ni kaɗai.

Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu bayan rasuwar mahaifinsa, a shekarun da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki. Abuja a lokacin kamar ana hura ta. Ka kwana ka tashi ka ga bene inda jiya ka bar ciyawa, motoci sababbi fil, kowa da waya a kunne. Yana aiki a wata ma'aikatar tarayya, amma ƙarfinsa bai kai shi cikin gari ba, sai muka zauna a Jikwoyi, ni da shi da matarsa da ɗansu Nafi'u.

Matar ce ta fara tafiya. Bas ɗin da ta shiga ta kife a hanyar Nyanya da rana tsaka. Ba nan take ta cika ba. Ta daɗe kwance a gefen titi jini yana zuba, jama'a sun yi mata zobe suna salati, ba wanda ya taɓa ta, kowa yana tsoron kada ya kai ta asibiti a riƙe shi a ce shi ne shaida. Ciyaman bai yi kuka a gabana ba. Da aka share makoki, sai ya fara fita duk Asabar da yamma, ya ce yana da mitin.

A gindin wata bishiya ake mitin ɗin, bayan kasuwar Wuse. Da farko ba su cika tabarma biyu ba: shi da wasu abokan aikinsa, da direbobin taksi masu kore da fari, da wani mai shayi, da wani mai facin taya. Ya samo wata nas tana koya musu yadda ake ɗaure rauni jini ya tsaya, da yadda ake ɗaga mutum ba a ƙarasa karya masa wuya ba. Idan aka yi hatsari direbobin nan ne farkon ji, sai su buga waya, a haɗu.

Yadda ya tara mutane kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Duk wanda suka ceto, idan ya warke ya zo godiya da kaza ko da doya, sai Ciyaman ya ce ya mayar da abinsa gida. Abu ɗaya yake roƙo: ka zo mitin, kuma kada ka zo kai kaɗai, ka riƙo hannun wani. Ana nan, ana nan, wanda aka riƙo ya riƙo wani, wannan ma ya riƙo wani, Hausawa da Gwarawa da Yarabawa da Ibo, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, har inuwar bishiyar ta yi musu kaɗan.

Sai ya kafa dokar shugabanci. Shekara biyu kake yi ka sauka, ko kai wane ne. Wanda zai gaje ka, tun saura shekara ake nuna shi, ya riƙa bin ka ƙafa da ƙafa, yana ganin yadda ake rarrashin mai fushi, da yadda ake magana da likita, da yadda ake kai wa dangi labarin da ba shi da daɗi. Sannan akwai aiki ɗaya da babu mai yinsa sai shugaba. Idan aka isa wurin hatsari, shi zai fara sauka daga mota, ya karyo rassa, ya taka ya nufi inda motoci ke fitowa, ya wuce kwana, yana zuba ganye a tsakiyar titi domin direban da ke tafe a guje ya gane akwai masifa a gaba ya rage wuta. Sauran suna can bayansa suna ciro mutane. Shi kaɗai ne gaba da gaba da abin da ke zuwa. Ya ce wanda zai tura 'ya'yan mutane kan titi, shi ya kamata ya fi kowa kusa da taya.

Saboda haka ne ya ƙara da cewa ba za a naɗa kowa ba sai uwarsa, ko wadda ta tsaya masa a matsayin uwa, ta zo gaban taro ta ce ta yarda da bakinta. Ya ce shi ma sai an yi masa haka. Ranar da aka kai ni Wuse kunya ta kusa kashe ni. Ina uwa, ina magana a kan ɗan fari a gaban maza? Na ja mayafi na rufe fuska na ce na yarda, ko na kusa da ni da kyar ya ji. Ganye na ji an ce. Mu da muka tashi muna karyo wa awaki ganye, me zai ba ni tsoro a cikinsa?

Wata Alhamis ce. Sun je Abaji buɗe sabon reshe, a hanyar dawowa suka tarar da wata bas ta faɗa rami. Ya sauka, ya karyo rassa, ya nufi kwana. Wata tirela ta ɓullo, birkinta ya tsinke. Wanda ke bin sa a lokacin a matsayin mai jiran gado wani direban taksi ne, Ɗanladi, Bagwari daga wajen Karshi. Shi ya kawo mini gawar, shi ya kuma gaya mini abin da ya yi. Da ya ga abin da ya faru, bai je kan Ciyaman ba tukuna. Ya tsince rassan da suka warwatse, ya ƙarasa zuba su har bayan kwanar, sannan ya dawo ya durƙusa a kansa. Ya ce haka aka koya masa. Na daɗe ba na iya kallon fuskar Ɗanladi. Sai daga baya na ji cewa jim kaɗan bayan haka wata bas cike da 'yan biki ta zo a guje, ganyen nan ne ya tsayar da ita.

Nakan zauna in tambayi kaina, da zai leƙo yau, me zai ce? Ƙungiyar ta bar gindin bishiya ta kama ofis. Akwai reshe a Abaji, akwai a nan Jikwoyi, akwai a wuraren da ban ma iya faɗin sunansu ba. Sun sami motar asibiti mai jiniya. Mata sun shiga, har an yi mace shugaba, ta kuma zuba ganyenta ba fashi har ta sauka, wannan na san zai sa shi murmushi. Manya masu babbar riga ma suna zuwa, wasu don Allah, wasu don a ɗauke su hoto. Amma titin da ya cinye shi ana ta faɗaɗa shi, motocin yanzu sun fi na da gudu, tirelolin sun fi na da yawa. An kawo musu wasu jajayen robobi da ake jerawa tare da ganyen, amma robar ma ai ba ta kai kanta, mutum ne yake takawa ya ajiye ta. Anya zai ce a ci gaba a haka? Ban sani ba. Ni dai duk lokacin da na ji jiniya, ko daga nesa ne, sai in bar abin da nake yi in kasa kunne.

Ni na ƙarasa rainon Nafi'u. Na ce ya yi karatun da zai zaunar da shi a ofis mai sanyi, ya yi, ya sami aiki. Ashe duk Asabar ɗin da yake ce mini ya tafi kallon ƙwallo, mitin yake zuwa. Ranar da na tsinci rigar ƙungiyar a cikin wankinsa, na zauna a bakin rijiya na rasa abin da zan karanta. Bara suka nuna shi a matsayin mai jiran gado. Bana lokaci ya yi. Uwarsa ba ta raye, ni ce uwar, bakina ake jira.

Tsakanina da shi wasa ne irin na kaka da jika. Angona nake ce masa, shi kuma kullum yana barazanar zai sake ni ya auro mai haƙora. Da ya zo da maganar ma da wasan ya fara.

"Tsohuwa, ki wanke mayafinki na unguwa. Ranar Asabar mijinki zai zama Ciyaman, kada ki je ki kunyata ni."

"Ba ni zuwa," na ce. "Na je sau ɗaya, na ga abin da aka kawo mini."

Sai ya ce ba zai tsallake maganata ba, idan na ce a'a to a'a ɗin ce, za a nemi wani. Bai ƙara ba. Ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, ya fita. Satin nan ban ci abin kirki ba. Ko babur ya yi ƙara a layinmu sai in miƙe tsaye. Idan ina salla sai in ga kwanar da ban taɓa gani da idona ba, in ga bayan wani yana tafiya da rassa a hannu, in rasa uban ne ko ɗan.

Ranar Laraba sai ga Ɗanladi. Ya yi furfura yanzu, yana cikin dattawan ƙungiya. Ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa, ya gaishe ni da Hausarsa ta Abuja.

"Mama, dattawa mun zauna. Gidan nan ta riga ta ba da mutum ɗaya. Nafi'u zai hau kujera, amma ba shi zai sa ganye ba. Za mu nemi wani yaro mai ƙafa, ta riƙa sawa."

Wallahi daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ka har yatsun ƙafa, har na buɗe baki zan sa masa albarka. Sai na tambaye shi wane yaro ne. Ya ce akwai su da yawa, 'yan ci-rani masu tura baro da masu sayar da rake, sun shigo sosai bana, ba sa tsoron titi. Na san irin yaran nan. Daga irin ƙauyenmu suke. Uwayensu suna can suna daka, suna zaton ɗansu rake kawai yake sayarwa a Abuja.

"Shi yaron," na ce, "wa zai je ya tambayi uwarsa?"

Ɗanladi ya sunkuyar da kai. Ya ce dokar tambayar uwa ta shugaba ce kawai.

Na sallame shi ban ba shi amsa ba. Na juya maganar ta ko'ina, ko'ina na juya ta ɗan wata uwa ne zai taka ya wuce kwanar nan. Idan na hana jikana, za a naɗa ɗan wata, amma ita aƙalla za a tambaye ta. Idan na karɓi tayin dattawa, jikana yana kan kujera, wani yaro yana kan titi, uwarsa ko labari ba ta da shi sai ranar da za a kai mata shi a bayan mota. Wannan kam na san ba zan iya kwanciya a kabari da ita ba. Na kuma san wanda ya kafa dokar ba zai yarda a yi wa ɗansa wannan gatan ba.

Ranar Asabar na je. Ɗakin taro cike, fuskoki ban san ko ɗaya ba, sai aka ce mini da yawansu da ƙafa ɗaya a lahira aka ciro su daga mota. Da aka kira ni, na miƙe. Na ce na yarda, da kujerar da ganyen duka, kada a raba su. Na ce amma kada wanda ya ce mini in kwantar da hankalina, domin ba zai kwanta ba. Nafi'u ya zo ya durƙusa a gabana. Bai ce mini tsohuwa ba. Inna ya ce, irin yadda ubansa ke kirana.

Ina neman hanyar fita sai wata 'yar tsohuwa ta jawo mini zane. Ashe a gefen ɗakin akwai wani benci, mata tsofaffi ne jere a kai. Aka ce mini ita ce uwar Ɗanladi. Ita aka tambaya bayan ɗana, ba a ma gama zaman makoki ba, ta san abin da ganye yake nufi, ta kuma ce ta yarda. Ta matsa ta ba ni wuri.

"Zo ka zauna," ta ce da irin Hausar ɗanta. "Nan ne wurin masu tsoro. Duk Asabar muna zuwa."

Na zauna. Ta kama hannuna ta riƙe.

Mutane suna ce mini ɗana ya bar ƙungiya mai rassa, ya bar ofis da mota. Allah ya saka musu da alheri, amma waɗannan duk ana iya sayarwa a wayi gari babu. Abin da na gani ya bari shi ne mutanen da suke tsayawa idan wasu sun wuce, da shugabannin da suka san ba don a zauna ake hawa kujerar ba, da bencin nan namu. Tsoron ma nasa ne, shi ya bar mini, ban kuwa ce a raba ni da shi ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan matarsa, ya sa ƙasa ta yi musu sauƙi.

Gobe Nafi'u zai tafi Abaji. Kai mai karanta wannan, idan kana da mota, ko kana tuƙa ta wani, ina roƙon ka don girman Allah. Duk ranar da ka ga ganye a tsakiyar titi, ka ɗaga ƙafarka daga totur. Akwai ɗan wata a bayan kwanar.