Gwaggo Tambaya da Takalmin Ƙarfe

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, bayan azahar, ɗanki Lauwali ya bugo mini waya daga Jabo ya ce Allah ya karɓi ranki, Gwaggo Tambaya.

Ina 'yar shekara huɗu, shekarar da aka samu mulkin kai, shan inna ya kama ƙafata ta hagu. Aka sha rubutu, aka yi turare, ƙafa ta ƙi ɗaukata. Babana, yayanki, ya haƙura. Ke kuwa da kike yawon kasuwanni da daddawa, duk inda kika sauke kaya sai kin yi cigiyar abin da zai tsayar da ni. A kasuwar Kebbe wata Bafulatana mai nono ta gaya miki ta taɓa ganin yaro a Sakkwato yana tafiya da takalmin ƙarfe mai ɗauri har gwiwa. Da kika dawo, kika durƙusa gaban Baba kika ce, "Yaya, ɗiyag ga ba ta girma tana jan ƙasa ina da rai. Ka ba ni ita."

Har yau ina tuna bayan babbar motar da muka shiga a Tambuwal, ina kan cinyarki tsakanin buhunan gyaɗa, kina ɓare mini rake da haƙori. A asibitin Sakkwato aka ce takalman sun ƙare, sai an kawo wasu. Ba ki juya ba. Kika bi matan da ke jira kina tambaya, har kika dace da wadda takalmin ya yi wa ɗanta kaɗan, ta ba ki. Da muka dawo gida, Sambo maƙeri ya rage tsawonsa, baduku ya sa sabuwar fata, kika cusa auduga inda yake cizona. Ranar da na taka daga ƙofar ɗaki zuwa gindin rumbu, kika juya baya kina goge ido da bakin zane, wai hayaƙin murhu ne.

Da shi na shiga makaranta. Da ya matse ni, kika kai wa wani yaro a Kebbe. Tun daga nan iyaye mata suka san gidanki. Wannan ki samo wa ɗanta sanduna, waccan ki sa kafinta ya yi wa 'yarta ɗan keken katako. Ban taɓa jin kin kira ɗayanmu gurgu ba, kowa da sunansa.

Lauwali ya ce a jana'izarki akwai dattawa masu dogara sanda waɗanda shi ma bai san su ba. Ɗaya daga cikinsu ya roƙa a bar shi ya kama makara, ko da hannu guda ne, aka bar shi.

Ina yi wa Lauwali, da ƙanwarsa Fatsuma, da jikokinki, da mutanen Jabo ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya tabbatar da dugaduganki a kan siraɗi. Amin.

'Yarki, Maimuna, Tambuwal.