Ranar da Inna ta Faɗi Sunana

Ni ne ɗan farin Inna, don haka na girma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A gidanmu na Bungudu ba a wasa da kunyar ɗan fari. In tana nemana sai ta ce da ƙanwata, "Kira yaron can." Abin ya daɗe yana ci mini rai. Ina ƙarami har laɓewa nake yi bayan rumbu ko za ta yi suɓutar baki, amma ina! Na yi furfura a gemu ina nan a yaron can.

Karatu ya kai ni binciken ƙwaƙwalwa, na ƙare a kan wani sinadarin jiki guda ɗaya, cikin waɗanda ake kira furotin. Tun jariri yana ciki, furotin ɗin kan yi amfani da wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni a cikin ƙwayar halitta, ya taimaka wajen tsara wa ƙwayoyin asali lokacin da za su daina hayayyafa su zama jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In tsufa ya zo kuma, guntayensa kan taru su dunƙule a ƙwaƙwalwar wasu mutane, tunani ya riƙa zubewa. Na sha yi wa ɗalibai wannan bayani a Gusau, har da alfahari.

Sai ƙanwata, wadda ke aure a Tsafe, ta kira ni ta ce Inna ta fara zuba gishiri a koko, tana kuma tambayar mutanen da suka daɗe da rasuwa. Na gane ciwon tun kafin ta gama magana. Na kuma san ba ni da maganinsa, wannan ya fi komai yi mini zafi.

Da na je Bungudu, na sami Inna da hantsi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta gyara mayafi, ta amsa da ladabin da ake yi wa baƙo.

"Malam, daga Gusau kake?"

Na ce e.

"Ina da yaro can." Sai ta faɗi sunana, cikakke, ba ko ɗar, da wani taushi kamar ta saba faɗarsa a ranta. "In ka gane shi, ka hwaɗa mai shi taho gida. Na daɗe ban gane shi ba."

Ƙanwata, wadda ta zo duba ta, ta juya baya tana share ido.

Na ce, "Inna, ban ji sunan da kyau ba. Sake faɗa mini."