Na-Ciki da Tsohon Hoton Tela

Kafin a buɗe ƙofar asibitin haƙori, Na-Ciki ya riga ya ɗaura farin ƙyallensa, ya kunna 'yar fitilar da yake narka kaki da ita. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haɗa haƙoran roba a ɗakin can baya, cikin farar ƙura da ƙarar injin gogewa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, amma yawancin masu tauna da aikin hannunsa ko fuskarsa ba su sani ba.

Ita ma Auta ba ta san shi ba sai bara. Mahaifinta tsohon tela ne mai barkwanci, sai ga shi yana ramewa, ya daina hira, ya koma cin abinci shi kaɗai a ɗaki. An yi gwajin jini, an yi hoton ciki, ba a ga komai ba. Kullum kwano na fitowa wayam, don haka ba wanda ya kawo yunwa a ransa. Dangi har sun fara zuwa dubiya da irin muryar nan ta bankwana.

Ranar da Auta ta leƙa ta taga, sai ta gano inda abincin ke tafiya. Tsohon na tsintar nama ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa kyanwa, shi kuma yana tsotsar romo. Ashe abin da ya sa kyanwar ta yi ɓulɓul kamar matashin kai ke nan!

"Innalillahi! Baba, tun yaushe?"

Ya rufe baki da hannu. "Tun da haƙoran ƙasan suka zube, 'yar nan. To in ce muku me? Nama ya fi ƙarfina?"

Wata takwas mahaifinta na fama da yunwa a gidan da ita ke girki. Wallahi ta yi kuka har ta gode Allah.

A asibiti likita ya cire ruɓaɓɓun da suka rage. Da dasashi ya warke aka auna bakin, sai ga wani dattijo, wato Na-Ciki, ya fito daga baya, hannunsa fari fat.

"Yarinya, akwai tsohon hotonsa yana dariya?"

Haushi ya kama Auta. "Kawu, haƙori fa muka zo nema."

"Jera haƙori kowa na iyawa. Nasa nake so in mayar masa."

Ta kawo hoton aurensu da Inna, mahaifiyarta. Sau uku Na-Ciki yana wargaza aikin yana sakewa. Ranar da aka saka, tsohon ya dubi madubi ya yi murmushi, Inna ta dafe ƙirji ta saki salati.

"Malam! Har wushiryarka ta dawo!"

Kai ne ka yi wannan, Na-Ciki, gwanin da ba a gani. Ba wanda ya sa ka neman hoto, ba wanda zai tuhume ka ko da ka jera su reras irin na kowa. Kai dai ka ƙi bai wa mutum bakin da ba nasa ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa masu tasowa su ɗauki halinka. Mu kuma mu riƙa zama kusa da tsofaffinmu idan suna cin abinci, kada kwano ya sake yaudarar mu.

Yau tsohon tela a tsakar gida yake ci, yana tsokanar jikoki da baki cike. Duk gidan addu'a suke maka, ban da kyanwa.