Kananzir ɗin da ya ci min yatsa

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ko gaisuwa ba ku gani daga wajena ba. Masu tambayar ina Maman Fati mai ƙosai ta Gashua ta shige, ga ni. Wuta ce ta ci ni.

Wata tankar fetur ce ta faɗi a hanyar Nguru. Tun hantsi har la'asar mai yana zuba, ba ma'aikaci ko ɗaya da ya zo ya tsare wurin. Kowa da jarkarsa. Ni wallahi ko wurin ban gani ba.

Bayan kwana uku na sayi kananzir a layinmu. Ashe jarkar da mai shagon ya ɗebo fetur da ita, ita ya juye kananzir a ciki, da sauran fetur a gindinta. Na ji warin ya bambanta, na ce ƙila hancina ne.

Na zuba a risho, na ƙyasta ashana.

Daga yatsuna na dama har gwiwar hannu.

Maƙwabta taimako suka zo yi, ban ga laifinsu ba. Wannan ta fasa ɗanyen ƙwai, waccan ta shafa man goge baki, Iya Hajja ta kawo manja da gishiri. Haka muka taso muka ga ana yi. Kwana biyu ana shafe-shafe, hannu ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ni.

A asibitin Nguru likita ya buɗe hannun, ya ce:

"Hajiya, wuta ta yi nata, shafe-shafen nan suka ƙarasa. In sabon nama bai fito cikin sati biyu ba, hannun za mu cire."

Hannun da nake ci da 'ya'yana da shi.

Wankin ciwo kullum da safe. Haihuwata biyar, amma ban san azaba ba sai a wankin nan. In na ji ƙarar keken nas daga nesa, sai in cusa bakin zanena a baki. Ledar jini biyu, allura ba iyaka. Awakina duk sun tafi.

Matar gadon kusa da ni 'yar Karasuwa ce, ita a fitila irin man nan ya fashe mata. Tare muke kuka. Ranar Laraba aka naɗe katifarta, Allah ya jiƙanta.

Maigida ya ce, "Ko da hannu ɗaya ne, ke ce dai."

Na ce, "Malam, da hannu ɗaya wa zai buga ƙullu?"

Rana ta goma sha biyu nas ta ɓare bandeji ta ce, "Maman Fati, leƙo, ga jan nama." Na kasa leƙawa.

An bar min hannu. Ƙaramin yatsa dai ya tafi, biyu kuma ba sa lanƙwasawa.

Alhamdu lillahi. Likita da nas, da ƙanina da ya ba ni jini, Allah ya biya ku.

Mata, don Allah. In kin sayi kananzir, ɗiga kaɗan a ƙasa can waje, nesa da jarkar, ki jefa ashana. In ya kama fuu lokaci guda, kar ya shiga rishonki. In an ƙone, ruwa mai tsabta kawai, a yi ta kwarara, sai asibiti. Ba ƙwai, ba manja.

Hukuma kuma, in tanka ta faɗi ku zo da wuri. Ni ban je wajen tanka ba, ita ta same ni har madafi.

Kwana biyu na yi ina rubuta wannan. Fati ta ce in kawo ta taya ni, na ce a'a. Da hannun na rubuta.