Tantabarun Tagar Sa'adatu

Har in bar duniya ba zan manta da ranar da na ƙunso tantabaru biyu a gefen zanena na kai wa maigadi ba. Ku da kuka kama aikin nan jiya-jiya, ku saurara.

Ni ce mai shara ta farko a ɗakunan kwanan 'yan mata, tun rabin jami'ar nan tana gonar gero. Sama da ni akwai fota mai riƙe makullai, sama da ita Hajiya metiron, shugabar ɗakunan. Ban iya karanta allon dokoki ba, amma duk suna kaina. Ba a ajiye kyanwa, ba kaza, ba tsuntsu. Karon farko gargaɗi, na biyu a karɓe gado.

Daminar da aka dawo daga hutun korona, wata yarinya Sa'adatu, daga wajen Zakirai, ta zo da tantabaru mace da namiji a kwali. Na yayanta ne da ya rasu. A taga take zuba musu gero, har suka ɓata hijabin wata a shanya, magana ta je ofis. Aka yi mata gargaɗi. Babanta kuwa ya riga ya faɗa mata, in ta rasa gado ba zancen haya a gari, gida za ta dawo.

Na ce ta ba ni. Gidana bayan katanga ne. Na fige musu fikafikai yadda ake wa baƙin tantabaru don su saba da wuri, kowace Juma'a tana zuwa ta gan su. Bayan kaka gashi ya fito. Ina shara da safe na ji kukansu a sama. Na ɗaga kai, ga su a tagarta.

Hajiya ta kira ni. Na ce, "Hajiya, ba ita ta kawo su ba, da fikafikansu suka zo."

Ta ce, "Na sani, Inna. Amma masu dubawa na zuwa Litinin, kuma ba tsuntsu za su tambaya ba. Ni ma akwai na sama da ni."

Muka rufe taga, muka hana gero. Na kore su da tsintsiya har kafaɗata ta riƙe. Su yi kewaye ɗaya su dawo. Na ce wa yarinyar bari in sake fige su.

Ta ce, "Har yaushe, Inna? Shekara uku ta rage min."

"To mu kai kasuwar Ɗanbatta."

"Can ma sun san hanya."

Ran Lahadi ta buɗe taga, ta miƙa hannu da gero. Ba sa sauka a hannun kowa sai nata. Ta miƙo min su, ba ta dube ni ba, ta ce, "Kai wa Malam Idi." Shi ne maigadi. Ya yanka su a bayan tankin ruwa, na ba maƙwabta naman.

Gadonta ya tsira, ta gama karatu. Amma tagar nan ba ta sake buɗe ta ba, ko a zafin bazara.

Dokar ba ta da laifi, ɗaki na mutum takwas ba akurki ba ne. Sai dai a ofis ake rubuta ta, mu masu tsintsiya ake ba wa mu ɗauka da hannu. Shi ya sa in kun ga yarinya ta shigo da kwali mai huji, ku tare ta tun a bakin ƙofa, kafin tsuntsu ya san taga.