Sandar Gwiwar Hannu

A shekarar da Turawan Ingila suka mayar wa China da Hong Kong na fara zuwa Guangzhou saro kayan yara. Wani mutumin Maradi da ya riga ni sanin garin shi ke yi mini tafinta. Wata rana ya kai ni wani shagon ɗinki a bayan kasuwar Shahe.

Ina shiga na tsaya cak. Teloli tara ne, dukkansu guragu, kowa da keken lantarki a kan gajeren tebur. Babu abin takawa a ƙasa. An haɗa wa kowane keke wata sandar ƙarfe a gefe. Tela ya danna ta da gwiwar hannu, keke ya tashi, hannuwansa biyu kuwa suna kan yadi.

"Malam, rufe bakin nan kada ƙuda ya shiga," in ji tafintan.

Na sa ya tambayi laoban, wato mai shagon, yadda aka yi. Ya ce hukuma ce ta taimaka aka gyara kekunan da teburan, kuma tana yi masa sassaucin haraji saboda ya ɗauki naƙasassu aiki. Sai da na sa aka sake tambayarsa, don na zaci tafintan ne bai ji daidai ba.

Ƙanena ne ya faɗo mini a rai. Cutar shan inna ta cinye masa ƙafafu tun yana yaro. Ya iya ɗinki, amma da keken hannu yake yi, hannu ɗaya na juyawa, ɗaya na riƙe yadi. Kafin ya gama riga, maƙwabcinsa ya tura uku. Masu kawo masa ɗinki sai raguwa suke yi.

Wani dattijo cikin telolin ne ya ƙera sandunan. Ya yarda zai yi wa ƙanena, amma sai na kawo awon hannunsa da tsayin zamansa, don kowace sanda da mai ita. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ko lamba ban iya rubutawa ba. Da na koma Kano, da igiya na auna shi, ina ƙulla ta a kowace gaɓa.

"Yaya, likkafani za ka yanka mini?" ya ce yana dariya. A makon ya sayar da keken hannunsa, ya ciko ya sayi na lantarki, ya rufe shi da zane yana jiran sanda.

Bayan babbar salla na koma Guangzhou da igiyar. Shagon yana nan, amma an ɗaga teburan, wasu samari masu ƙafafu suna taka kekunan. Ashe an sayar da shi. Sabon laoban bai ɓoye mana komai ba, yana ma shan shayinsa. Ya ce a wurin hukuma har yanzu guragun ma'aikatansa ne, sassaucin yana zuwa. Ɗan abin cefane yake ba su su zauna a gida, ranar da masu dubawa za su zo a ɗauko biyu ko uku. Sandunan kuwa an kwance an sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Na ce a tambaye shi ina dattijon yake.

"Meyo," ya ce, wato babu. Ya koma ƙauyensu, kuma ba wanda ya san ko wane ƙauye ne.

A Kano na yi wa masu walda bayani da baki. Abin da suka ƙera, in bai ƙi tashi ba, sai ya fizge yadi.

Teloli tara sun rasa teburansu. Sanduna tara sun tafi a tsohon ƙarfe. Ƙanena ya rasa keken hannunsa, da ɗinkin salla biyu.