Badaru da Injin Rijiya

Badaru ya yi shekara ashirin yana haƙar rijiya a ƙauyukan Ɗanbatta kafin gwiwarsa ta ƙi. Daga nan ya koma bakin rami, ya bar wa ƙanensa Muntaka shiga ciki. Shi ke kula da wani tsohon injin lantarki mai naɗe igiyar ƙarfe, wanda ke fito da gugan ƙasa, ya kuma fito da mai haƙa.

Ni dai ban taɓa ganin mai lallashin ƙarfe irinsa ba. Inji yake kafa wa rumfar zana, shi ya zauna a rana. In ya ja guga uku sai ya tsaya, ya ɗora tafin hannu a bayan injin. In bai iya karanta Fatiha hannun na wurin ba, to aiki ya dakata ke nan.

Shekarar da rijiyoyinmu suka ƙafe, mata na tafiyar sa'a biyu neman ruwa, shi aka kira. An haƙa zurfin gaba ashirin babu ko danshi, haƙurin mutane ya fara ƙarewa. Ni ma na yi masa tsegumi, ba zan ɓoye ba.

Wata rana da hantsi, ya juya zai duba janareta, sai Inna Huseina, tsohuwar da ke kawo musu kunu, ta jiƙa buhu da ɗan ruwan da take tattali ta lulluɓe injin, yadda ake yi wa randa. Aka ci gaba da jan guga. Ƙauri ne ya juyo da Badaru. Ya fizge buhun, ya kashe inji.

"Inna, kin toshe masa hanci. Ta ƙofofin nan yake shan iska."

Kunya ta kama ta, har ta ba ni tausayi. Mai unguwa kuwa cewa ya yi, "Malam Badaru, guga biyar kawai a ƙara, an ce ƙasa ta fara laushi."

"Ranka ya daɗe, in ya ƙone da ƙasa a rataye, da me zan fito da mutum?"

Ya zauna yana yi wa injin fifita, ana ta harararsa. Bai fi rabin sa'a ba sai ƙaramar igiyar da Muntaka ke ba da alama da ita ta hau girgiza babu tsayawa. Yashi ne ya fara zubowa daga gefe. Badaru ya taɓa injin, ya yi bisimilla, ya kunna. Gabana bai taɓa faɗuwa irin na ranar ba.

Injin ya yi gurnani, ya ja, bai tsaya ba. Muntaka ya fito yana haki, wandonsa sharkaf da taɓo har ƙugu. Badaru ya riƙe shi yana laluba haƙarƙarinsa, bai ko kalli wandon ba.

Inna Huseina ce ta matsa ta matse bakin wandon, ruwa ya ɗiga a tafinta.